Rubutun Baba a Kan Ledar Burodi

A kan hanyata ta zuwa ajin yaƙi da jahilci a Birnin Kudu akwai wani shago da bai daɗe da buɗewa ba. A cikinsa akwai wani inji mai kama da babban akwati. Wani saurayi ne yake zama a gabansa da kwamfuta, ya danna nan ya danna can, sai ka ji injin ya fara wani siririn kuka, wani ɗan haske yana yawo a kan katako, hayaƙi yana tashi kaɗan-kaɗan. Kafin ka gama gaisawa da mutum biyu rubutun Larabci ya fito tsaf, babu karkata, babu ɗigon tawada. Suna yin sa a katako da gilashi da roba, har a jikin kofin shayi da murfin waya. Mutane suna tsayawa kallo. Ni kuwa tsallaka titi nake yi in bi ta ɗaya gefen. Ba injin nake ƙi ba, saurayin ma bai yi mini komai ba. Abin da yake sa ni sunkuyar da kai shi ne, mahaifina mai zayyanar allo ne, kuma ni ne na yi sanadin da ya ajiye alƙalami.

Gidanmu yana wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, inda babur yake ƙarasa da mutum idan mota ta tsaya. Idan na tuna gidan, ba fuskar kowa nake fara gani ba, sauti nake fara ji. Da hantsi, bayan an dawo daga kewayen gona, Baba yakan shimfiɗa buzunsa a zaure, ya jingina allo a gwiwa, sai ka ji alƙalamin kara yana tafiya, ƙyar, ƙyar, ƙyar, ya tsaya ya sha tawada a kurtu, ya ci gaba. Daga cikin gida taɓaryar Inna tana amsawa, tattabaru suna gunji a kan katanga, wani lokaci jakin maƙwabta ya tsoma baki. Yanzu idan na je ƙauyen, abin da nake ji shi ne janaretan mai cajin waya da waƙoƙin da suke fita daga aljihun samari. Ban ce laifi ba ne. Amma waccan ƙarar ta alƙalami ba ta da ƙarfi, sai gida ya yi shiru ake jin ta, kuma yanzu da wuya ka samu gidan da yake yin shiru haka.

Tawadar ma a gida ake yin ta, kuma duk mai cin tuwon gidan yana da hannu a ciki. Inna ba ta yarda a kankare baƙin gindin tukunya a zubar, tara shi take yi a wani tsohon ƙoƙo. Mu kuma mu shiga daji mu tsinko 'ya'yan bagaruwa, mu ɓamɓaro ƙaro a jikin itace, mu biya maƙera mu karɓo gutsattsarin ƙarfe. Baba ya jiƙa, ya dafa, ya tace da tsumma, ya bar ta ta kwana uku kafin ya gwada ta a bayan farcensa. Ja daga karan dafi yake fitar da shi, rawaya daga gangamau. Idan wani ya sauke karatu, iyayensa su kawo sabon allo, Baba ya liƙa masa farar takarda, ya yi kusan mako biyu yana zayyana. Layi ya shiga ƙarƙashin layi ya fito kamar saƙar faifai, rubutu a tsakiya mai kauri, irin namu na nan ƙasar. Daga Sara ake zuwa, daga Basirka ake zuwa, wani ya kwana a zaurenmu yana jira.

Amma Baba yana da wata tambaya da ba ya tsallakewa. Kowa ya zo neman rubutu, kafin a yi maganar komai sai ya ce, "A ina za ta zauna?" Idan mutum ya ce a ɗaki, sai ya ce, "Ɗakin yana yoyo? Akuya tana shiga? Sama da kanka za ka rataye ta ko dai daidai inda yara suke shafa hannun miya?" Akwai wani direba da ya zo yana so a rubuta masa addu'a ya liƙa a bayan motarsa. Baba ya dube shi ya ce, "Bayan mota? Inda hayaƙi yake fita, taɓo yana fallatsa? Kai dai ka riƙa karanta ta da bakinka, ka kuma rage gudu." Direban ya tafi yana dariya, hannu wofi. Haka kuma idan kana tafiya da Baba zuwa kasuwa, sai ka yi haƙuri, don idonsa a ƙasa yake. Duk guntun takardar da ya gani da rubutun Larabci sai ya tsuguna ya ɗauka, ya karkaɗe, ya sa a aljihu. Idan ya dawo gida ya ƙone ta a wuri mai tsabta ya binne tokar a gindin katanga, inda ƙafa ba ta bi. Inna takan ce, "Malam, kaza ce kaɗai ta fi ka duban ƙasa." Shi kuma ya ce, "Ita tana nemar wa cikinta, ni ina nemar wa kabarina."

Ni ne ɗansa na fari, kuma ni ne wanda karatu bai zauna masa ba. Na iya abin da zan yi salla da shi, amma idan aka ba ni alƙalami sai hannuna ya yi nauyi kamar na riƙe galma. Baba bai taɓa dukana a kan haka ba. Cewa yake yi, "Kai hannunka na fartanya ne, ita ma Allah ne ya yi ta." Makarantar boko kuwa ko ƙofarta ban leƙa ba. Da na zama saurayi sosai, idan an gama aikin kaka sai in tafi Birnin Kudu cin rani. Na kafa tebur a bakin tasha ina sayar da tocila da batir da madubi da agogon bango. A jikin sandar rumfata na rataye wata 'yar zayyana da Baba ya yi mini, bayan ya tambaye ni sau biyu ko rumfar tana da rufi.

Wani Alhaji ne daga Kano yake kawo mana kaya, yana kuma da hannu a wata masana'antar kayan roba. Wata rana ya tsaya a gaban zayyanar ya cire tabarau.

Ya ce, "Ɗan Malam, wannan fa daga wace ƙasa aka kawo shi?"

Na ce, "Daga zaurenmu, Alhaji."

"Kai dai faɗi gaskiya."

"Wallahi Babana ne ya yi da hannunsa."

Ya ɗauki agogo ɗaya daga teburina ya kara kusa da ita. Ya ce, "Ka ga rubutun da yake jikin wannan? Siriri ne, na mutanen gabas, tsofaffinmu ma da ƙyar suke gane shi. Da za a sa irin namu mai kaurin nan, babu ɗakin amaryar da ba zai shiga ba. Malam yana yin guda a mako biyu. Mu injinmu kafin ka sha ruwa ya yi abin da zai cika mota. Ka yi masa magana. Kai ma ai ka gaji da hawa bayan babur ɗin wasu."

Ba zan ɓoye ba, maganar babur ɗin ce ta fi shiga kunnena, ko da yake na riƙa gaya wa kaina cewa so nake duniya ta ga hannun Baba. Na je gida na same shi a zaure, na tsuguna na kwashe bayani na faɗa masa. Bai ɗaga kai daga allon ba.

Ya ce, "A ina za ta zauna?"

Na ce, "A bango, Baba. Agogo ai a bango ake rataye shi."

"Bangon wa?"

"Na duk wanda ya saya."

"To idan agogon ya mutu fa?"

Na ce ai batir ake canzawa.

Ya ce, "Idan ya yi mutuwar da batir ba ya tashinsa fa?" Ya tsoma alƙalami a kurtu ya ce, "Ka ce wa Alhajin na gode. Ni ba na sallamar rubutu sai na san makwancinsa."

Bayan kwana biyu Baba ya tafi ɗaurin aure Basirka. Da rana tsaka na shiga zaure na sauko da gafakarsa, jakar fatar da yake ajiye takardunsa. Akwai wata takarda a ciki da bai yi wa kowa ita ba, rani guda ya kwashe yana yin ta. Zagayayya ce kamar faifai, sunan Allah a tsakiya, addu'ar neman albarka ta kewaye shi, sannan saƙar ja da rawaya ta rufe. Ita na ɗauka. Inna ta leƙo ta ce, "Me kake nema a kayan Malam?" Na ce aska. Ta ce, "Aska a gafaka?" Na ce na ma gani, na fita.

A Kano, a masana'antar su Alhaji, na ga abin da ban taɓa gani ba. Suka ɗauki hoton takardar, suka sa a kwamfuta, wani matashi ya raba launukan, baƙi daban, ja daban, rawaya daban. Ya ga wata lanƙwasa da hannun Baba ya ɗan kauce, ya miƙar da ita da dannawa ɗaya. Alhaji ya kawo wata takarda ta boko ya ce in dangwala yatsa. Na ce, "Me aka rubuta, Alhaji?" Ya ce, "Shaida ce kawai cewa da yardarku aka yi." Na dangwala. Washegari suka kai ni ɗakin injin. Ƙara kamar ana sussukar gari guda, fuskokin agogo suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da hannun Baba a kanta. Waɗanda launinsu ya kauce kuwa, ma'aikaci yana jefar da su gefe a ƙasa, yana bi ta kansu da takalmin roba idan zai ɗauko kaya. Na gani da idona. Har bayana ya fara lanƙwasawa da kansa zan ɗauka, don tun ina ƙarami haka na ga ana yi. Sai na dubi Alhaji da mutanensa masu wankakkun kaya, na ji kunyar a ce baƙauye ya zo yana tsince-tsince a masana'anta. Na miƙe na gyara tsayuwa. A duk abin da na aikata, wannan miƙewar ita ta fi damuna har yau.

Da kuɗin da Alhaji ya ba ni na dawo da babur ɗan hannu, na kuma dawo da takardar na mayar da ita gafaka. A lissafina na lokacin ban ɗauke komai ba, tunda ga ta nan inda take. Ba a yi wata uku ba wani ya sayo agogon ya rataye a masallacin ƙauyenmu. Baba ya dawo daga azahar ya sa aka kira ni. Ya ce, "Na ga hannuna a bangon masallaci." Na kasa ɗaga ido. Ya ce, "Har sun gyara mini wata lanƙwasa." Ya daɗe yana juya alƙalami a yatsunsa, sannan ya ce, "A bango take dai. Allah ya sa ta tsaya nan." Bai ƙara komai ba. Ni kuma saboda wauta na ɗauki wannan shirun a matsayin yarda, har na riƙa nuna wa abokaina agogon ina cewa namu ne.

Da damina ta kewayo, ranar kasuwar Gwaram, an kwana ana ruwa, na biya teburin ɗan gwaggona mai sayar da shayi a bakin tasha. Taubashina ne, ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Ɗan Malam mai babur! Zo ka karya. Yau burodinmu da albarkarsa a jikinsa ya zo, ko ka manta ba ka yi bisimilla ba ya riga ya yi maka."

Ya jefo mini burodin na cafe. A jikin ledar ga zagayen nan na Baba, baƙi da ja, rawayar ta ɓace, a ƙarƙashinsa an rubuta wani abu da boko, wai sunan gidan burodin. Na dubi ƙasa. A gindin benci akwai irin ledar guda uku, an tattake su cikin taɓo. A cikin kwata akwai wasu suna yawo a kan ruwa. Can gefe wata akuya tana tauna ɗaya.

Ɗan gwaggona ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Wai da gaske na Kawu ne? Wallahi na ɗauka kama ce kawai." Sai ya dafa kai ya ce, "Kai, Kawu fa yana cikin kasuwar nan. Ɗazu ya wuce zai sayi takarda."

Na same shi a wajen 'yan hatsi. Yana durƙushe a taɓo, bakin farar rigarsa ya zama ja. Yana ɗaukar leda, ya goge ta da hannun riga, ya shimfiɗa a cinya ya ninke. Aljihunsa biyu sun cika, sai ya cire hularsa yana zubawa a ciki. Tun da nake ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a bainar jama'a ba sai ranar. Mutane sun kewaye shi. Na ji wani yana cewa, "Subhanallahi, Malam ya taɓu ne?" Wata mai nono ta ce, "Ku rufa masa asiri mana, ku ɗaga shi." Ya ɗago ya gan ni. Na jira tsawa, na jira mari, wallahi da ya yi da na ji daɗi. Sai ya ce, "Ka zo? Samo buhu. Ka ɗauki ɓangaren mahauta, ni zan bi 'yan tumatir."

Da muka kai su gida sai wata matsalar ta fito. Rubutun allo wanke shi ake yi a ƙwarya, a sha ruwan ko a zuba a gindin katanga. Takarda ƙone ta ake yi. Leda kuwa Baba ya jiƙa ta kwana biyu, ya cuɗa da toka, rubutun bai ko motsa ba. Ya sa wa ɗaya wuta, ta ƙanƙance, ta riƙa ɗiga, wani baƙin hayaƙi mai wari ya cika tsakar gida har Inna ta fita tana tari. Baba ya kashe wutar da ƙasa ya ce, "Ba zan sa sunan Allah cikin wannan warin ba." Muka binne wasu a bayan gida. Gara ta ƙi su, ruwan da ya biyo baya ya tono su. A ƙarshe ya sa muka share wani tsohon rumbu da ba a zuba hatsi a ciki, muka shimfiɗa tabarma, nan ya zama makwancinsu.

Na koma Kano da zafina. Alhaji ya rantse bai sani ba. Ya ce masu buga leda ne suka ɗauko zanen a kwamfuta, da mai gidan burodin ya ce yana son ado mai albarka. Na ce ai a kan agogo muka yi magana. Sai wani ma'aikacinsa ya ɗauko takardar da na dangwala wa yatsa ya karanta mini a hankali, yana fassarawa. Ashe abin da na yarda da shi shi ne su sa zanen a kan duk abin da suka ga dama. Ga yatsana nan a ƙasa, shuɗi, babu mai musunsa. Gaskiya Alhaji ya ji kunya, ya sa aka daina. Mai gidan burodin ma da kansa ya zo ƙauyenmu da ragowar ledojin a ɗaure, ya tsuguna yana ba Baba haƙuri. Amma an riga an sayar wa wasu masu burodin, wasu masu injin kuma sun gani sun kwafa. Abin ya riga ya fita daga hannun kowa.

A cikin makon ne Baba ya wanke alƙalumansa, ya toshe bakin kurtu, ya rataye gafaka. Mutanen Sara suka zo da sabon allo. Inna ta ce, "Malam, ga baƙi fa, tun safe suke hanya." Ya ce, "A ba su fura, a ba su haƙuri. Akwai rubutuna a ƙasa. Ba zan ƙara wani ba sai na kwashe wancan."

Shekara biyu muka yi muna bin kasuwanni, ni da shi, a kan babur ɗin nan da na samu ta wannan hanyar. Gwaram, Sara, Basirka, Birnin Kudu, duk inda ake cin burodi. Mu isa da hantsi, ya raba mana ɓangare, mu haɗu a masallaci da azahar kowa da buhunsa. Da farko dariya ake yi, har aka sa masa suna Malam mai leda. Daga baya masu shayi suka fara cire burodi suna ajiye masa ledojin a ƙarƙashin tebur, mata suna aikowa da su daga gidaje a ninke. Masu saukar karatu kuwa suka koma sayen zayyanar inji a Birnin Kudu, duk iri ɗaya, sunan mai sauka kawai ake cikewa. A duk tsawon lokacin nan Baba bai taɓa ce mini kai ka ja ba. A bayan babur yana riƙe da kafaɗata, hirar gona yake yi mini, yana cewa in yi hankali da rami.

Sannu a hankali ledojin suka fara wuya. Mukan yi kasuwa biyu ba mu ga ko ɗaya ba. Idon Baba kuma ya fara rauni, na ga idan aka ƙara jira, ko ya so rubutun ba zai iya ba. Wata rana na je Basirka ni kaɗai na tsinci uku a bayan tasha. Na kawo su na zura a rumbu ban gaya masa ba. Na shiga zaure na ce, "Baba, an gama. Na zaga ko'ina, babu ko ɗaya."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Ya dube ni, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ina ƙoƙon nan naki na baƙin tukunya?" Inna ta ce, "Yana nan, Malam. Ka ɗauka na daina tarawa ne?" Kwana uku gidan yana ƙanshin dafaffiyar bagaruwa. A rana ta huɗu da hantsi ya shimfiɗa buzu, ya feƙe sabon kara, ya ɗora farar takarda a kan allo. Na zauna a bakin ƙofa. Ya tsoma alƙalami, ya ja layi na farko, ƙyar. Daga cikin gida na ji taɓaryar Inna ta tsaya, ita ma saurare take yi.

Sai ga sallama. Gwaggo ce, ƙanwar Baba, uwar mai shayin nan, ta zo daga Sara. Ita ma idonta ya yi rauni. Ta shigo tana haki tana cewa, "Yaya, ashe an koma bakin aiki! To ga tsaraba, mai laushi na zaɓo maka, na san haƙoran nan naka sun yi murabus." Ta kwance gefen mayafinta ta ajiye burodi a gabansa. Tun kafin ya taɓa na gane ledar. Baba ya ajiye alƙalami. Ya zare burodin ya ɗora a faifai, ya shimfiɗa ledar a cinyarsa, ya shafe ta da tafin hannu, ya ninke ta. Ya ce, "Na gode, Allah ya yi albarka. Shiga ciki ki sha ruwa." Da ta shige sai ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Ashe da saura." Ya goge bakin alƙalamin, ya toshe kurtu. Takardar tana nan a gafaka har yau, layi ɗaya ne a kanta.

Bai sake rubutu ba har Allah ya karɓi abinsa. A ciwonsa na ƙarshe na tsuguna a gabansa na faɗa masa komai, har da ukun nan na Basirka. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe maka tun a kasuwa. Yafewa daban, kwashewa daban." Ya ɗan huta sannan ya ce, "Kada ka bari rumbun ya yi yoyo."

Yanzu furfura ta fara fito mini, ina zama a benci da littafi da biro, malaminmu bai kai ƙanena shekaru ba. Wasu abokaina suna tsokanata wai me zan yi da boko a wannan shekarun, ko gwamna nake son zama. Ina dariya kawai. Na yi wa kaina alkawari ne cewa yatsana ba zai sake hawa takardar da idona bai karanta ba. Hannun yana nan da nauyinsa, amma ina bin sa a hankali, ga shi har ya kawo ni nan. Kwanakin baya saurayin nan mai inji ya tsallako titi ya tare ni. Ya ce ya ji labarin mahaifina gwani ne, idan akwai ragowar takardunsa in kawo ya ɗauki hotonsu ya fitar da su a katako mai kyau, don kada hannun ya ɓace. Na san akwai gaskiya a maganarsa, don takarda ba ta dawwama. Na buɗe baki zan yi godiya, sai na ji kaina ina cewa, "A ina za ta zauna?" Ya yi murmushi ya ce, "A bango mana, Baba." Ban ga laifinsa ba. Amsar da na bayar ke nan, kuma shi bai saci komai ba. Na ce masa Allah ya yi wa sana'arsa albarka, na wuce.

Rumbun yana nan. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka nakan je in yaɓe shi in sabunta masa jinka. Bana ina noman farko a gonar da muka zuba wa takin bola daga gari, sai fartanyata ta tono wani abu. Ta koɗe, ta yayyage, jan ya tafi, amma baƙin tsakiyar yana nan, mai kauri, da lanƙwasar nan da suka miƙar masa. Na tsuguna na ɗauka, na goge ta da hannun riga, na ninke. Rigar noma ba ta da aljihu, sai na cire hulata na sa ta a ciki. Na ratsa ƙauyen da kai a buɗe, mutane suna kallona, har na isa gindin rumbu. Na ɗaga murfin na ce, "Ashe da saura, Baba."